Rangwamen Kuɗin Mota: A Roma Haƙƙi Ne, A Abuja Sai Roƙo

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Italiya, cikin kalaman da zai fara haddacewa akwai tambayar da ake yi wa mai sayar da tikiti: "C'è una riduzione per studenti?", wato ko ana yi wa ɗalibai ragi. Idan tikitin wata yake so, sai ya nemi "abbonamento mensile". Ba ya jin kunyar tambaya, don ragin a rubuce yake. A birnin Roma ma yaron da bai kai shekara 10 ba kyauta yake shiga bas in yana tare da babba.

To, wa ɗalibin Abuja zai yi wa wannan tambaya? Ma'aikacin da ke tasowa daga Nyanya ko Mararaba da asubahi, ko mai fitowa daga Zuba da Gwagwalada, ba shi da abin faɗi sai "don Allah a rage mini". Yaron mota kuwa amsarsa ɗaya ce: "Alhaji, mai ya yi tsada." Kuma gaskiya ya faɗa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023.

An yi rangwame, ba a ce ba a yi ba. Daga 21 ga Disamba, 2023 zuwa 4 ga Janairu, 2024, gwamnatin tarayya ta biya rabin kuɗin manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin jihohi, jirgin ƙasa kuma ya zama kyauta, har da na Idu zuwa Rigasa. Da Shugaba Tinubu ya sake buɗe jirgin cikin birnin Abuja a ƙarshen Mayun 2024, ya ce a hau kyauta har ƙarshen shekarar. Mutane sun ji daɗi. Sai dai wannan goron biki ne, yana zuwa ya wuce, kuma layin dogon cikin birnin ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da Kubwa, bai taka hanyar Nyanya ba, inda cunkoson talakawa ya fi tsanani.

Abin da nake ganin ya dace shi ne Hukumar Birnin Tarayya ta yanke ragi na dindindin ga ɗalibai, tsofaffi da masu naƙasa a motocin safa na gwamnati, a liƙa farashin a kowace tasha da Hausa, Gbagyi da Turanci, ta yadda tsohuwa daga Karu za ta nuna katinta ta biya rabi ba tare da ta roƙi kowa ba.