Gidan Soane: Hasken Da Ke Nuna Zane Shi Ke Cinye Shi

A unguwar Lincoln's Inn Fields ta birnin Landan akwai wani gida wanda masu tsara gine-gine ke zuwa daga ƙasashe da dama domin su ga yadda ake sarrafa haske. Mai gidan shi ne Sir John Soane, magini wanda ya daɗe yana yi wa Bankin Ingila aiki, ya kuwa rasu a 1837.

Soane ya cika gidansa maƙil da zane-zane da gumaka da kayan tarihi, alhali a zamaninsa babu fitilar lantarki, kuma gine-gine sun matse gidan dama da hagu. Saboda haka sai ya ɓula tagogi a rufi, ya sa wa waɗansu gilashi mai ruwan ɗorawa domin hasken ya yi taushi, sa'an nan ya kakkafa madubai masu doro waɗanda ke tura hasken zuwa lunguna. A ɗakin zane kuwa ya yi bangaye masu buɗewa kamar ƙyaure, ta yadda zane fiye da ɗari suka shiga ɗan ƙaramin ɗaki. Waɗanda ke ciki suna zaune a duhu sai an buɗe.

A 1824 ya sayi akwatin gawar Fir'auna Seti na Farko a kan fam 2,000. A shekarar da ta biyo baya ya yi liyafa ta dare uku, aka haskaka gidan da fitilun mai da kyandirori domin baƙi su gan shi. A 1833 ya samu Majalisar Dokoki ta yi doka cewa a bar gidan yadda yake, har yau kuma jama'a suna shiga kyauta.

Amma ilimin yau ya nuna cewa haske yana koɗar da launi, abin da ya koɗe kuwa ba ya dawowa. Shi ya sa ma'aikatan gidajen tarihi suka ƙayyade kimanin luks 50, watau ma'aunin ƙarfin haske, ga takarda da tufafi, zanen fentin mai kuwa kimanin 200.

Saboda haka duk magidancin da ke da tsohon rubutun hannu, ko saƙi, ko aikin fata, ya kamata ya nisanta shi da rana. Ya zaɓi ƙwan LED, tun da ba ya fitar da zafi sosai, ya sa shi daga sama a karkace domin gilashin firam kada ya yi walƙiya, ya kuma kashe idan ba kowa a ɗakin.