Yini guda a filin horon dambe

A wannan fitowa mun leƙa wani fili a bayan garin Maradi, inda ake koya wa samari damben zamani, wanda ake yi da safar hannu. Kayan wurin kaɗan ne: rumfar kwano, buhu biyu a rataye, igiyoyin tsalle, tsofaffin tayoyin mota, da randar ruwa. Mai horon dattijo ne, tsohon ɗan dambe. Mun yini tare da shi domin mu ga yadda yake riƙe yaransa.

Horo da sanyin safiya

Ana idar da sallar asuba sai gudu, sannan tsalle da igiya, sannan dukan buhu. Kafin rana ta ɗaga an tashi, wani ya nufi kasuwa, wani gareji, wani lakwal. Ba a komowa sai bayan la'asar, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. A watan azumi kuwa, sai an sha ruwa ake horo.

Kowane yaro yana shan ruwa kafin ya fara, da lokacin hutu, da bayan ya gama. Wanda ya rage kilo 1 a wurin horo, kusan lita 1 ta ruwa ce ta fita daga jikinsa. Alamar a fili take. In fitsari ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki yana neman ruwa.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Tambayar farko da mai horon yake yi wa yaro ita ce ko ya ci abinci. Wanda ya kwana da yunwa ba ya shiga fage a ranar. Abincin da yake gina jiki yana nan cikin rumbunanmu da kasuwanninmu. Gero yana ba da ƙarfin aiki. Wake, gyaɗa, ƙuliƙuli, nono, ƙwai da fara suna gina tsoka. Ganyen zogale yana taimaka wa jini.

In damina ta faɗi, filin yakan zama wayam, domin yara sun koma gona. Mai horon ba ya fushi. A ganinsa, wanda ya yini da hauya a hannu bai bar horo ba. Dama damben gargajiya ma da kaka aka saba yin sa, bayan hatsi ya shiga rumbu.

Ranar da aka sha kaye

Aiki mafi wuya shi ne mayar da yaron da aka buge a gaban jama'a. Kunya takan hana shi fitowa. Mai horon yakan bi shi har gida, ya gaida mahaifinsa, ya roƙi a bar shi ya komo. In ya komo ba a sa shi karawa nan take. Sai a ba shi agogo ya riƙa ƙidaya wa ƴan uwansa lokaci: minti 3 na dambe, minti 1 na hutu. Sannu a hankali zuciyarsa takan dawo.

Yakan kuma ba su labarin Isaka Dabore. A shekarar 1972, a birnin Munik na ƙasar Jamus, wannan ɗan dambe ya samo wa Nijar lambar tagulla, lambarta ta farko a wasannin Olamfik. A lokacin ya haura shekara 30. Sai a 2016 ƙasarmu ta samu ta biyu. Darasin shi ne, sannu ba ta hana zuwa.

Abu biyu da ba a sassauci a kansu

Na farko shi ne ƙwayar tramol. Wasu samari suna shan ta don kada su ji gajiya ko zafin naushi. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita kaɗai ya kamata ya rubuta shi. Yana kama mutum har ya kasa bari, kuma yana iya jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Wanda aka gane yana sha, ana dakatar da shi, a sanar da iyayensa, a raka shi gidan likita.

Na biyu shi ne bugu a kai. In yaro ya sha naushi ya ji jiri, ko ciwon kai, ko ya rikice, ya gama wasa a ranar. In ya suma, ko yana amai, ko barci mai nauyi yana ɗaukarsa, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba. A ƙa'idar damben zamani, wanda aka sumar yana hutawa aƙalla kwana 30.

Kira ga iyaye

In ɗanku yana zuwa irin wannan fili, ku je ku gani da idonku. Akwai ruwan sha? Ana haɗa yara daidai nauyinsu? Ana tsayar da wasa in an ji ciwo? In haka ne, ku ƙarfafa masa gwiwa, ku kuma ajiye masa tuwonsa. Lafiya uwar jiki. Allah ya raya mana zuri'a.