Adana Tsofaffin Takardun Kuɗi Domin Koyarwa

Malamin Hausa a gari irin Matazu yana iya tara tsofaffin takardun kuɗi ya mayar da su kayan koyarwa, domin suna ɗauke da tarihin harshe. Fam da sule sun kau a 1973, naira da kwabo suka maye gurbinsu. A 2007 kuma aka cire ajami daga naira 5, 10, 20 da 50, aka rubuta darajarsu da boko. Idan aka jera tsohuwar Murtala da sabuwa, ɗalibi zai ga "naira ashirin" cikin rubutun biyu.

Wajen tsarawa, a ware su ƙasa-ƙasa: na Nijeriya daban, sefar Nijar daban, haka riyal ɗin da alhazai kan dawo da shi, sannan a bi shekarar bugawa.

Laimar damina ita ce babbar matsala, sai gara da hasken rana. Saboda haka kada a ninke takardar, kada a manna ta da gam. A sa kowace cikin ambulan ɗinta, a rubuta bayani a bayansa, domin dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta rubutu a jikin naira.