Wa ke binciken wayar baƙo a bakin iyaka?

Magana biyu ke yawo a bakin matafiya: wai ƙasar dimokuraɗiyya ba ta taɓa wayar baƙo, ƙasar kama-karya kuwa da saukarka sai tsangwama. Kowacce da gyara.

A Amurka jami'in bakin iyaka yana da ikon karɓar wayarka ya bincika ba tare da takardar kotu ba. Tun 2019 ma fom ɗin neman biza ke tambayar sunayen da ka yi amfani da su a kafafen sada zumunta cikin shekara biyar. Inda aka ƙara gishiri shi ne cewa kowa ake yi wa haka: a 2024 na'urori kusan 47,000 aka bincika cikin matafiya sama da miliyan 400. Masu ganin biza ta gama magana kuma su sani ƙofa kawai take kai mutum. Jami'i na iya juya ka da jirgi na gaba. Birtaniya ma ba kanwar lasa ba ce. Dokar ta'addanci ta 2000 ta halatta tsare matafiyi har awa shida ko ba a zarge shi da komai ba, ƙin ba da lambar sirrin waya kuma laifi ne.

Su ma masu mulkin kama-karya suna son kuɗin baƙi. Tun Disamban 2023 Faransawa da Jamusawa ke shiga Sin ba biza. Amma wannan Sin ɗin ce jaridu suka bankaɗo a 2019 tana saka manhajar leƙen asiri a wayoyin masu shiga yankinta na Xinjiang daga Kirgistan.

A ganina, bambancin yana bayyana ne bayan an riƙe mutum. A 2013 an tsare David Miranda, ɗan Brazil mai ɗauke da bayanan sirrin da ɗan fallasa Snowden ya fitar, awa tara a filin jirgin Heathrow na Birtaniya ƙarƙashin waccan dokar ta'addanci, wadda a lokacin ta halatta awa tara. Ya kai ƙara. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ce tsare shi bai saɓa doka ba, amma ita dokar ta gaza kare aikin jarida. A shekarar ce Koriya ta Arewa ta kama ɗalibi Ba'amurke Otto Warmbier a filin jirgin Pyongyang, bisa zargin yunƙurin satar fostar farfaganda, ta yanke masa shekara 15 da aiki mai tsanani. An mayar da shi gida a sume a Yunin 2017, ya rasu bayan 'yan kwanaki.