Gargaɗi: Kada a Sayar da Shanu Don Kai Mai Yoyon Fitsari Ƙasar Waje

Jama'ar Dirin Daji da ƙauyukan Sakaba, iyaye da mazaje, a saurara da kyau. Duk wanda ya zo muku, ko ya turo saƙo ta WhatsApp, ya ce zai haɗa ku da wani asibiti a Indiya ko Masar inda za a yi wa 'yarku aikin yoyon fitsari da araha, kada ku ba shi ko sisi. Kada ku miƙa masa fasfo, kada ku ɗaga saniya ko buhun dawa zuwa kasuwa saboda maganarsa.

Wannan aiki kyauta ake yin sa a gida. Ga cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi, ga asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, ga Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinke mata tun shekarun 1980. Likitocin wasu ƙasashe ma Katsina suka riƙa zuwa koyon aikin.

Asarar kuɗi da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗinkin farko, domin shi ne ya fi kamawa. Idan hannun da bai ƙware ba ya taɓa wurin, naman ya yi tabo ya taurare, kowane ɗinki na gaba sai ya ƙara wuya. Dillali bai duba ta ba, bai san ko doguwar naƙuda ce ta huda mafitsara ba, ko yankan gishiri ne, ko kuwa raunin mara ne da ke sa fitsari ya zubo in an yi tari, wanda sau da yawa ba ya ma bukatar wuƙa.

Sannan ga jinya. Bayan aiki za ta zauna da robar fitsari kusan mako 2, tana shan ruwa da yawa, a jinkirta kwanciyar aure na watanni, haihuwa ta gaba kuma sai a asibiti ta hanyar tiyata. Idan robar ta toshe cikin dare a Dirin Daji, likitan Indiya ne zai zo?

Mun san halin da take ciki: zane a jiƙe, tabarma a bayan ɗaki, ta daina zuwa biki da kasuwa. Don Allah kada kunya ta sa a ɓoye ta. A kai ta babban asibitin Zuru a duba, a karɓi takardar turawa Gesse. Wadda ta haihu kwanan nan kuwa ta ga fitsari na bin ƙafarta, a kai ta cikin makon nan, domin idan ramin ƙarami ne, robar kaɗai kan iya rufe shi ba tare da an yi aiki ba.