Editocin Ƙaura da Shinkafi, a riƙa duba sikirin kafin a biya kuɗin laftof

Duk edita in zai sayi laftof, tambayoyin sa ba su wuce uku: RAM nawa ne, wane furosesa ne, batir na kai awa nawa? Da wuya ka ji an tambayi sikirin, alhali ta nan yake ganin duk abin da yake tacewa.

A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba a shirya manyan finafinai irin na Kano, amma akwai samari masu ɗaukar bidiyon biki da saukar karatu da waƙa da gajeren barkwanci na YouTube. Akasari 'yar Beljiyam suke riƙewa, irin wadda tun asali don aikin ofis aka ƙera ta.

To a nan gizo ke saƙar. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori gilashin su samfurin TN ne, mai 1366 x 768. Ka ɗan kwantar da murfin baya, hoto ya yi duhu. Ka jawo shi gaba, ya yi fari fat. Kalolin da yake nunawa kuma sau tari ba su kai kashi biyu cikin uku na ma'aunin sRGB ba. Sai edita ya ga fuskar amarya ta yi duhu, ya ƙara haske, ya ga jan leshi ya koɗe, ya ƙara ja. Shi a wurin sa aiki ya yi kyau. Ranar da aka tura wa dangi a waya sai a ga amarya ta koma kamar mai bilicin, lallen ta ya zama ruwan lemo. Kuma jama'a, biki ba a sake shi, ba kamar fim ba ne da darakta zai ce a maimaita. Cikon kuɗin aiki ma sai an kai ruwa rana.

Wanda ya dace da edita shi ne samfurin IPS, mai 1920 x 1080, wanda ke kusa da cika sRGB, don kusan kalolin da bidiyon HD ke amfani da su ke nan. Gwajin ba wuya: ka je shago da hoton fuskar da ka sani, ka buɗe, ka leƙa ta gefe. In kala ta juya, ajiye masu kayan su.

Amma fa gaskiya ba kowa ke buƙatar sa ba. Mai tura finafinai a waya a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, shi babban hadis da batir mai ƙarko ne damuwar sa, musamman da yake sikirin mai haske sosai na shan caji, ga wutar NEPA sai an ga dama. Editan da kuɗin sa bai kai ba kuwa, ya fara da RAM, don sikirin mai kyau bai hana Premiere tsayawa cak. Kafin ya miƙa aiki, ya tura minti 2 a wayoyi daban-daban, Tecno da Itel da Samsung, ya fita waje ya kalla da rana.