Wa Zai Ba Su Ruwa A Watan Afrilu?

A daminar bara ina cikin kwamitin tsafta da muhalli na ƙungiyarmu ta ɗalibai, kuma ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka fi zaƙewa a kan sai an ƙawata gaban hostel da hanyar laburare. Muka ware kuɗi daga abin da ni da ku muke biya wa ƙungiya, muka je wajen masu sayar da fulawa a bakin titi, muka ciko Keke Napep biyu. Akwai dogayen bishiyoyin nan sirara da ake jerawa a gaban otal, akwai fulawa mai jan ganye, ga kuma ciyawar kafet. Muka dasa a ƙarshen Agusta, muka sha hotuna, muka watsa a WhatsApp da Facebook.

Muna cikin aikin sai dattijon nan mai kula da lambun makaranta ya tsaya yana kallonmu. Can ya ce, "Samari, sannunku da aiki. Amma wa zai ba su ruwa a Afrilu?"

Na ce, "Haba Baba, ai akwai bohol."

Bai ce komai ba, ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Sauran labarin kun san shi, don a kan idonku aka yi. Kafin hunturu ya ƙare ciyawar ta koma kalar ƙasa. Da bazara ta kankama ruwan bohol ya ja baya, wuta kuma sai an ga dama, mutum ya fito tun Asuba ya ajiye bokiti a layi don ya samu na wanka kafin lakcar ƙarfe takwas. A wannan halin wane mai ƙarfin hali ne zai ja tiyo ya nufi fulawa? Na gwada sau ɗaya, maganganun da na sha daga 'yan layi ba za su rubutu a nan ba. Kuma gaskiyarsu. Yau in ka bi ta wajen, sanduna ne a tsaye. Abin da ya fi ci min rai, wata 'yar kurna da ta fito da kanta a jikin katanga, wadda har muka so cirewa don tana ɓata mana layi, tana nan kore shar, ba wanda ya taɓa ɗiga mata ruwa.

Tun daga nan na koma wajen Baba da kunyata, na kuma shiga karance-karance. Abin da na fahimta shi ne tun daga lissafi muka faɗi.

A yankinmu ruwan sama na wata huɗu ne zuwa biyar, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Sauran wata bakwai ko takwas ba ɗigo. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ciyawar kafet na buƙatar aƙalla lita 5 a kowace murabba'in mita, kullum, in ana so ta zauna kore. Ɗauki ɗan fili mai mita 20 tsawo da 20 faɗi, wato murabba'in mita 400. Lita 2,000 ke nan a rana, jarka 80 ta mai lita 25. In kurar ɗan garuwa na ɗaukar jarka goma, kura takwas ake magana kowace rana, a kan filin da ba inuwa gare shi ba, kuma an kafa allo an ce kar a taka. A mako jarka 560. Wannan ruwan zai shayar da ƙananan bishiyoyi 280, kowace jarka guda sau biyu a mako. Da mun yi wannan lissafin a bayan takardar lakca kafin mu tari Keke Napep, da kuɗinku bai tafi a banza ba.

To me ya sa kurnar ta rayu? Saboda nan ne gidansu. Itatuwanmu na gida kowanne da dabarar da yake tsallake rani da ita. Kuka ajiye ruwa take yi a cikin kututturenta, ta kuma zubar da ganye don kar ta yi asara. Aduwa ganyenta ƙanana ne masu kauri, ba sa sakin ruwa da sauƙi. Gawo kuwa nasa daban ne: saiwarsa na nutsawa ƙasa, a wasu wurare har fiye da mita 20, sannan yana yin akasin sauran itatuwa, ya kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Ko sabara da kalgo da muke rainawa, binciken da aka yi a Senegal ya nuna suna jawo ruwa daga can ƙasa da dare su saki wani ɓangare a saman ƙasa, har geron da ke kusa da su ya amfana.

Mutanen da sun san darajar waɗannan itatuwa. Duba sunayen unguwanni a Kano kawai: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Tsamiyar Boka, ga Kasuwar Rimi. Mu ne muka zo muka ɗauka cewa in shuka ba daga leda ta fito a bakin titi ba, to ciyawar daji ce.

Sai dai kar a ce na ce duk abin da yake na gida ya dace da ko'ina. In inuwar karatu ake so a watan Afrilu, kuka ba za ta yi ba, don lokacin tsirara take. Gawo da aduwa da bagaruwa ƙaya gare su, ba a sa su inda ake yawo da silifas, bakin katanga da bayan filin ƙwallo ne wurinsu. Masu inuwar gaske su ne maɗaci, tsamiya, kanya, ceɗiya da durumi. Ceɗiya da durumi ma ba sai da iri ba, reshe mai kauri za a sara a kafa da damina ya kama. Amma saiwarsu ba ta da kunya, tana fasa gini ta shiga sokawe, don haka a nisanta su da bango sosai. Tsamiya tana da nawa, wanda ya dasa ta yana ND 1 ko HND ya gama ba zai sha inuwarta ba, sai dai in ya dawo karɓar satifiket da 'ya'yansa. (Masu cewa tsamiya gidan aljanu ce, ku yi haƙuri, ni dai a gindinta na yi karatun jarrabawar sakandare kuma lafiya na tashi.) Maɗaci ya fi ta sauri, matsalarsa masu sassaƙe ɓawonsa don magani.

Ga masu son fure kuma, akwai kariya, wadda ke fitar da fure ruwan hoda a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe. A kiyaye dai, ruwanta dafi ne. Shinge kuma ga lalle ga aguwa, wadda ake kewaye gonaki da ita a ƙauye, reshe kawai ake kafawa. In ana son abin da zai riƙe ƙasa a gefen kwalbati, gamba ta isa.

Darbejiya fa? Baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta, kamar mangwaro. Amma baƙuwa ce da ta iya zama da mutane, tana jure fari, kuma inuwar makarantun Arewa da dama tata ce. Ban ce a sare ko ɗaya ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da harabar makaranta duk darbejiya. Bishiyar turare kuwa, 'yar Ostareliya, mashayiyar ruwa ce, ban ga dalilin ƙara ta kusa da rijiya ko bohol ba.

Akwai ma hanyar da ta fi dashe araha. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, yawancin abin da ya dasa na mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa duk shekara, tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da ranta a ƙasa. Sai aka koma zaɓar reshe ɗaya zuwa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da wuta. Manoman Nijar suka kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba leda, ba tiyo. Ni da Baba mun zaga bayan ɗakunan gwaji da gefen katanga, mun ga tohon kalgo, magarya, aduwa da gawo birjik, waɗanda ake bi da adda duk ƙarshen damina da sunan share fili. Bishiyoyi ne kyauta muke kashewa, sannan mu je mu sayo waɗanda za su mutu.

Yanzu batun ban-ruwa, don ko ɗan gida ne, in yana ƙarami sai an taimaka masa ya tsallake rani biyun farko.

Kuskuren farko lokacin dashe ne. A ƙarshen Agusta saura 'yan makonni ruwa ya ɗauke, saiwa ba ta kama ba. A dasa da zarar damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, shukar ta samu wata uku tana shan ruwan Allah. Rami ya kai rabin mita zurfi da faɗi, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a bar gurbi kamar kwano a gindin. In wurin gangare ne a yi masa kunya mai siffar rabin wata ta ɓangaren ƙasa, bakinta na kallon inda ruwa ke gangarowa, yadda ake yi a Nijar da Burkina Faso. Marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina da irin waɗannan ramukan tara ruwa da taki ya mayar da faƙo daji.

Kuskure na biyu shi ne yayyafi. Mu da muke ba da ruwa, kullum muke ɗan watsa wa kowace rabin bokiti, mu ga saman ƙasa ya jiƙe mu ce an gama. Baba ya ce wannan shagwaɓa shuka ne. Ruwan bai wuce ɗan yatsa ba, saiwa sai ta tsaya a sama tana jira, ranar da aka fasa zuwa rana ta gasa ta. Abin da ya koya min: jarka guda a zuba a hankali har ta nutse, sau ɗaya a mako da hunturu, sau biyu da bazara. Saiwa za ta bi danshi ƙasa. A rani na biyu a rage zuwa sau ɗaya duk mako biyu, a na uku a ƙyale ta. Jigawa ta fi saurin bushewa, laka ta fi riƙewa, don haka kafin a ƙara a tona da tsinke a gani. Kuma da yamma ko da sassafe, ban da tsakar rana.

Sai a rufe gindin da busasshen ganye, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin tafin hannu, don kar rana ta kwashe danshin. A bar ɗan fili tsakaninsa da jikin shukar saboda gara, a barbaɗa toka. Wannan ganyen da ake sharewa a tara a cinna wa wuta kowace safiya, hayaƙi ya cika mana aji, shi ne abin da bishiyoyin ke nema.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tulu. A samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya kusa da shukar, a cika, a rufe bakin saboda sauro. Yadda randa ke tsattsafo da ruwa a gida, haka zai riƙa jiƙa ƙasar a hankali daidai inda saiwa take, ba abin da rana za ta samu. Ana ƙara masa ruwa bayan 'yan kwanaki. Wanda ba shi da kuɗin tulu ya huda gorar roba da allura ya binne. Amfaninsa ya fi fitowa lokacin hutu ko in an tafi SIWES, sa'ilin da mutum biyu za su iya riƙe abin da goma ke yi.

Daga ina ruwan zai fito ba tare da an taɓa na 'yan layi ba? Ku je bayan wurin alwala na masallaci ku gani. Mu ƙaddara mutum 500 ne ke alwala sau biyar, kowa lita ɗaya. Lita 2,500 ke nan, jarka 100 a rana, ruwa ba sabulu, yana tafiya kwata yana tara mana sauro. Bututu ɗaya da ramin tsakuwa mai tacewa sun isa a juya shi zuwa layin bishiyoyi. Ruwan wanki mai Omo da bilic kam a bar shi, gishirinsa na kashe ƙasa a hankali. Ga kuma rufin azuzuwa: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai mita 30 da 10, a shekarar da aka samu milimita 700, ya zubar da lita 210,000. Ajiye duka sai babban tanki, amma ko indararo aka karkata zuwa ramukan bishiyoyi maimakon ya tafi yana cin hanya, an ci riba. 'Yan Civil da 'yan Agric masu neman taken furojet, ga shi nan a ƙofar ajinku.

Sai awaki. Duk abin da na lissafa, akuya ɗaya ta kwatas ɗin ma'aikata za ta gama da shi kafin Azahar. Kowace shuka sai an kewaye ta da ƙaya, tsohon kwando ko ragar waya.

Bana kwamiti ya amince ba za a sayi ciyawa ko ta naira ɗaya ba. Mun sa wa tohon da muka gani alama da jan fenti, mun roƙi masu share fili su tsallake su. Baba ya jiƙa irin tsamiya da na gawo a ruwan zafi don su yi saurin tsaga, yanzu suna leda a bayan ɗakinsa, zai kuma saro mana rassan ceɗiya idan ruwa ya zauna. Sharaɗin da ya kafa guda ne: ba zai ba da ko ɗaya ba sai an rubuta sunan ajin da zai shayar da ita har rani biyu, da wanda zai karɓa in sun gama. Takardar tana ofishin ƙungiya. Mai tsohon tulu ko randar da ta ɗan tsage a gida, kar a yar, a taho mana da ita bayan hutu.